Kafin Motar Kwana-Kwana Ta Iso Lungu

Ran 13 ga watan Mayu, 1951, wuta ta tashi a gidan silima na El Duniya a nan Kano, ana tsakiyar kallo. Mutanen da ke ciki sun kai 600, kuma 331 daga cikinsu ba su sake kwana a gidajensu ba. Binciken da Gwamnatin wancan zamani ta sa aka yi ya nuna cewa faifan majigi ne ya kama a ɗakin da ake haskawa, irin faifan nan na da mai cin wuta kamar fetur, daga nan harshen wuta ya bi rufi. Bayan shekara 64, wato a ƙarshen watan Nuwamba na 2015, wata wutar ta kama ɗakin kwanan ɗalibai a Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati da ke Jogana cikin dare, 'yan mata bakwai suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu a cikin turereniya wajen neman fita. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Dalilin da ya sa na fara da waɗannan biyu shi ne dukkansu a wajen ganuwa suka auku, a wuraren da mota ke iya zuwa har bakin ƙofa. To, idan haka ta kasance a inda akwai titi, ina ga cikin birni? Ina ga Madabo da Sharifai da Alfindiki da Sheshe da lungunan da suka kewaye Kasuwar Kurmi, inda in mai kura ya haɗu da mai babur sai ɗaya ya koma da baya?

Kada wani ya ce babu doka. Akwai Dokar Aikin Kashe Gobara ta Tarayya tun 1963, akwai Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, akwai kuma Kundin Kiyaye Gobara na Ƙasa na 2013. Bugu da ƙari, tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini aikin jihohi ne. Ashe ke nan babu wanda za mu jira daga Abuja. Al'amarin yana hannun Majalisar Dokokinmu, da Hukumar Tsara Birane ta KNUPDA, da Hukumar Kashe Gobara ta Jiha, da Ƙananan Hukumomin Birni da Dala da Gwale. Sai dai duk wanda ya duba irin waɗannan kundaye zai tarar sun ɗauka cewa kowane gini yana da taswira a ofis, yana kan titi, kuma a ƙarƙashin titin akwai bututu cike da ruwa mai ƙarfi dare da rana. A cikin birnin Kano kuwa, da wuya a sami gidan da ya haɗa waɗannan uku. Dokar da aka ɗinka da awon wani birni, in aka sa wa namu, ko dai ta yage ko kuwa a ninke ta a ajiye a akwati, kuma na biyun ne muka saba gani.

Ya kamata mu tuna yadda birnin yake da, mu dubi yadda ya koma. Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa a ƙarni na 12, Sarki Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ya kafa Kasuwar Kurmi. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, kuma babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. An tsaga lunguna ne domin jaki da raƙumi da mai tafiya a ƙasa, kuma sun wadatar. Gidan kakanninmu na ƙasa ne, katangarsa mai kauri, soronsa na azara da aka lulluɓe da ƙasa. Ba a ce ba a gobara a wancan zamani ba, domin danni da zana da jinka sun sha cin wuta, amma wutar da ta kama a cikin soro tana daɗewa kafin ta sami hanyar tsallakawa gidan maƙwabci. Ga kuma kududdufi a bayan unguwa, inda aka haƙi ƙasar ginin, wanda ko ba a sha ruwansa ba ana kashe wuta da shi.

Yau fa? Lungun yana nan yadda Rumfa ya san shi, wani wurin ma ya ƙara tsukewa, domin wannan ya fito da dakali, wancan ya fito da shago. Amma abin da ke bayan katanga ya sake gaba ɗaya. Bulo da kwano sun maye gurbin tubali da azara, silin na katako ne ko na roba, a kowane ɗaki akwai katifar soso da kujerun soso da labulen nailan. Tukunyar gas tana madafi, janareta yana zaure da jarkar fetur a gefensa, batiran sola suna ƙarƙashin matakala, wayar lantarki kuwa ita ce dai wadda aka ja tun ana kunna ƙwai uku da rediyo, yanzu an ɗora mata firiji da dutsen guga da hita. Kududdufai da yawa an cike su an yi gini a kai. Tagogi kuma an gindaya musu ƙarfe saboda ɓarayi, ƙarfen da ba ya bambanta ɓarawo mai son shiga da mai gida mai son fita.

Wata cibiyar gwaje-gwaje ta Amurka mai suna UL ta taɓa cinna wa ɗakuna biyu wuta don a gwada. Ɗakin da aka cika da kayan da, na katako da auduga, ya yi kusan rabin sa'a kafin wuta ta game shi. Ɗakin kayan zamani, na soso da roba, bai kai minti biyar ba. Yanzu mai karatu ya lissafa da kansa: kafin wani ya farka, kafin a nemo lambar waya, kafin mota ta fito ta ratsa cunkoson Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai, ta tsaya a bakin titi, a shiga jan tiyo cikin lungu, minti nawa ke nan? Ba laifin 'yan kwana-kwana ba ne, bayin Allah da ke shiga inda kowa ke gudu, wani lokaci ma a saka musu da jifa don sun makara. Gaskiyar magana ita ce a cikin birni mintocin farko ba nasu ba ne, na mutanen gida ne da maƙwabta da mai gadi. Saboda haka dokar da za ta yi mana amfani ita ce wadda aka rubuta domin waɗannan mintoci, kuma a nan ne alamar gargaɗi da ƙararrawa da na'urar yayyafi suke da aiki.

Mu fara da alama, tun da ita ce mafi araha kuma ita aka fi rainawa. Alama iri biyu ce. Ta farko domin mai gudu ce, ta nuna masa ƙofa. Hoton nan kore na mutum yana gudu zuwa ƙofa, wanda wani Bajapane mai suna Yukio Ota ya zana, ya zama abin da duniya ta yarda da shi ne saboda ba ya bukatar karatu. Mu kuwa a ofisoshinmu da benayen kasuwanninmu, in ma an sa alamar, sai ka ga kalma guda ta Turanci a saman ƙofa, an haɗa ta da lantarkin gidan, alhali kuwa lantarki shi ke fara ɗaukewa in wuta ta kama. Kamata ya yi doka ta ce hoto ne tilas, da fenti mai haske cikin duhu, a kuma sa wata a ƙasa-ƙasa kusa da daɓe, domin hayaƙi sama yake fara cikawa, mai neman tsira da rarrafe yake fita. In za a yi rubutu, a yi shi da Hausa, da boko da ajami. Wani zai yi dariya, amma a birnin da dubban dattawa da mata da almajirai suka fi sakewa da ajami, har takardar Naira 500 da ta 1,000 suna ɗauke da shi, me zai hana a rubuta “Mafita” da shi a ƙofar asibiti?

Alama ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ban cika jin ana maganarta ba. Ita ce mai gaya wa wanda ya zo taimako abin da ke cikin ɗaki. Kowa ya sani gidaje da yawa a kewayen Kurmi da Ƙofar Wambai da Rimi sun koma sito. Daga waje gida ne da zaure da ƙyaure, a ciki kuwa leda ce har rufi, ko turare, ko fenti, ko ashana, ko maganin ƙwari, ko jarkokin fetur, wani lokaci kuma iyali suna kwana a ɗakin da ke jikinsa. Wanda ya watsa ruwa a wutar fetur ya ba ta abin hawa ne, domin man zai hau kan ruwan ya bi lungu. Wanda ya watsa ruwa a kan waya mai rai kuwa ya sayi ajalinsa da bokiti. Ƙaramin allo a jikin ƙofa mai hoton harshen wuta, ko tukunyar gas, ko walƙiya, ya isa ya hana wannan. Na san abin da ɗan kasuwa zai ce: yaya zan yi wa ɓarawo talla? Ai ɓarawon unguwa ya riga ya ga ranar da aka sauke kayan. Wanda bai sani ba shi ne jami'in da za a turo da ƙarfe biyun dare ya fasa ƙofar da gatari. In har allon ya yi wa mutum nauyi, to mai unguwa ya riƙe rajistar irin waɗannan gidaje, kwafinta kuma ya kasance a tashar kashe gobara mafi kusa.

Akwai ma wata alamar da birni kaɗai ke bukata. Mai kiran waya cikin ruɗewa zai ce “bayan masallaci, kusa da mai ƙosai,” direba kuma ya shiga lungun da ba ya ɓullewa. A sa wa bakin kowane babban lungu suna da lamba, a nuna wanda mota ke iya shiga da wanda ba ta iyawa.

Ƙararrawa kuwa aikinta guda ne, ta tashi mai barci. Yawancin waɗanda gobara ke halakawa hayaƙi ne ke kashe su tun kafin wuta ta taɓa su, kuma mai barci ba ya jin ƙauri, sai dai hayaƙin ya ƙara nutsar da shi. Wannan ya fi tsanani da hunturu, lokacin da ake toshe kowace kafa a shigar da kaskon gawayi ɗaki, da kuma daren da aka kawo wuta bayan an kwanta an bar hita a jone. 'Yar na'urar nan mai shaƙar hayaƙi da ake maƙalawa a silin da batir take aiki, kuɗinta kuma bai wuce na ƙaramar wayar hannu ba. Aibinta a ƙasarmu ƙura ce, domin in ba a share ta ba sai ta riƙa ihun ƙarya, har mai gida ya gaji ya cire batirin. Duk da haka ban ga hujjar da za ta hana a wajabta ta a duk inda mutane da yawa ke kwana ba: makarantun kwana, da asibitoci, da masaukai, da zaurukan da almajirai ke kwana a ciki. Kuma ƙararrawa ba ta da amfani a bayan ƙofar da aka garƙame da kwaɗo daga waje. A garin Sandalan na Ingila, a 1883, yara 183 suka mutu a gindin wata matakala saboda ƙofar da ke buɗewa ciki an datse ta, kuma daga nan ne aka soma tilasta wa gidajen taro ƙofa mai buɗewa waje da turi guda. Mu har yau shugaban makaranta yana kulle ɗakin kwana da dare don tsaron tarbiyya, ya sa makulli a aljihu ya tafi gida.

A kasuwa ma haka. Gobarar kasuwa galibi cikin dare take tashi, sa'ad da babu kowa sai masu gadi. Wane ne ke riƙe da makullin babbar ƙofa? Mai gadi ya san lambar 112 ta neman agaji? An taɓa nuna masa yadda ake zare ƙusar jar tukunyar kashe wuta? A unguwa kuwa muna da abin da biranen Turai ba su da shi, wato lasifika a kowane masallaci. In aka daidaita da limamai da ladanai da masu unguwanni a kan kalma guda da za a riƙa faɗa, da sunan lungu, an sami jiniyar da ba a kashe ko kwabo a kanta ba.

Saura na'urar yayyafi, wadda ita ce mai tsada kuma ita aka fi jahilta. Wani Ba'amurke mai suna Henry Parmelee ne ya ƙago ta a 1874 don ya tsare masana'antarsa. Bututu ne ake bi da shi ta rufi cike da ruwa, a kowane 'yan taku kuma akwai kai guda da aka toshe da 'yar kwalba mai ruwa a ciki. In zafi ya kai wani mizani, wanda ga mai jan ruwa digiri 68 ne a ma'aunin Salshiyas, sai kwalbar ta fashe ruwa ya yi ta feshi. Ba ta jiran mai gadi, ba ta jiran waya. Na sha jin 'yan kasuwar atamfa da shadda suna cewa ba za su yarda a rataya musu ruwa a bisa dukiya ba, wai da wani ya kunna sigari sai bene duka ya jiƙe. Wannan a majigi kaɗai ake ganinsa. Hayaƙi ba ya fasa kwalbar, sai zafi, kuma kan da ke bisa wutar shi kaɗai ke buɗewa. Ruwan da tiyo guda na motar kwana-kwana ke zubawa ya ninka na kai guda sau da yawa, kuma shi tiyon sai bayan wuta ta ci rabin layi yake isowa. Wanda ya tuna Kantin Kwari a 2010, ko Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 inda shaguna kimanin 3,800 suka ƙone, ko Kurmi da Rimi a watan Maris na 2023, ya san bambancin jiƙaƙƙiyar atamfa da toka.

Amma fa a nan ne nake rabuwa da masu son a kwafo dokar Turai dungurungum. Na'urar yayyafi ba ta aiki da iska. Ruwan Challawa da Tamburawa da Watari ba ya isa kowane famfo na cikin birni kullum, balle da ƙarfin da zai hau bene. Duk wanda ya rubuta cewa kowane gini sai ya sa ta, ya buɗe wa masu duba gini sabuwar hanyar karɓar na goro ne kurum, kuma za mu wayi gari da busassun bututu a rufi don ganin ido. A bar gidan malam a Madabo da ƙararrawarsa da bokitin yashi. Inda ya kamata a tsananta shi ne sababbin benayen kasuwanci da ke ta tashi a gefen titunan birni da kan tsofaffin kududdufai, da manyan sito, da asibitoci, da otal-otal. Mai irin wannan gini ya nuna tankinsa na ruwan gobara daban da na wanka, da injin turawa wanda ba ya dogara da lantarkin gari, kafin a sa hannu a taswirarsa, kuma a zo a buɗe a gani kafin a bar kowa ya tare. Wanda ya iya gina shago ɗari ya karɓi kuɗin hayar shekara tun ginin bai bushe ba, tanki ba zai gagare shi ba.

Ita kuwa tsohuwar Kurmi, wadda rusa ta ba abin so ba ne, tana da dabarar da ta dace da ita. A binne bututu daga bakin titi zuwa cikin kowane layi, yadda mota za ta tsaya a waje ta tura ruwa, a ɗauka daga ciki. A yi tanki na tarayya da kuɗin harajin da ake karɓa a kasuwar. A sami ƙananan motoci irin A Daidaita Sahu masu ɗauke da injin feshi, waɗanda ke iya kutsawa inda babbar mota ta tsaya. Sa'an nan a daina yanka hanyoyin kasuwa ana mai da su rumfuna. Bayan gobarar Landan ta 1666, wadda ta tashi daga gidan burodi, a shekara ta gaba aka kafa dokar sake gini da jan bulo da dutse. Mu namu tsarin shi ne jaje, da kwamiti, da asusun taimako, sa'an nan a mai da rumfa inda take, da katakon da ya fi na da bushewa.

Masu cewa gobara ƙaddara ce sun yi gaskiya, amma ba su ƙarasa ba. Malamanmu suna karantar da cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa a Madina cikin dare, da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta.

Yanzu bari in juyo gare mu, mu ma'aikata, domin takardun nan ta teburinmu suke bi. Kwanan baya na je wani ofis bin wata takarda. Ina zaune a baranda sai idona ya kai kan jar tukunyar da ke rataye, na tashi na duba, ashe wa'adinta ya wuce da shekaru, allurarta ta kwanta. A ƙarshen barandar akwai ƙofa da aka rubuta wa alamar fita, an ɗaure ta da sarƙa, an jingine mata tsofaffin fayil har kusan rabi. Na tambayi masinja ina makullin, ya ce tun da ya kama aiki bai taɓa ganin an buɗe ta ba. Jami'in da ke wuce wannan ƙofa kullum da safe, da wane ido zai je ya rufe shagon wani a kasuwa? Gwamnati ta fara da gidajenta, sakatariya da asibitoci da makarantu, a kuma buga sunayen gine-ginen da suka cika sharaɗi a jarida kowace shekara, da sunan jami'in da ya duba. Mutum yakan yi tunani sau biyu in ya san sunansa na jikin takardar da za a ɗauko ranar bincike.

Ɗalibai ma akwai nasu rabo. Kowace shekara 'yan sashen injiniya da zanen gini da tsara birane na Jami'ar Bayero da Kwalejin Fasaha ta Jiha da Jami'ar Wudil suna neman abin da za su rubuta kundin kammalawa a kai. Ga aiki a ƙofar gida: a raba unguwannin cikin birni, kowane rukuni ya ɗauki guda tare da mai unguwarta, a auna faɗin kowane lungu, a nuna inda rijiya da burtsatse da tanki suke, da gidajen da suka koma sito, a miƙa wa Hukumar Kashe Gobara taswirar. In aka fara da unguwannin da ke jikin Kurmi da Jakara a farkon zangon karatu, ana iya gamawa kafin sanyin Disamba ya sa a soma shigar da kasko ɗaki.